Nauyi da Tafiyar Jirgin Ruwa

Damina a Ollelewa

Ollelewa tana cikin ƙasar Damargu, tsakanin Damagaram da Tanut. Ƙasa ce ta gero da dabbobi. Babu kogi a nan, babu kwale-kwale. Amma in damina ta zauna, a watan Yuli da watan Agusta, ruwa yana taruwa cikin kwari, tabkuna su cika. A lokacin ne yara ke yin jiragensu. Wani ya ɗaure karan gero da zare, wani ya ɗauko gwangwanin sardin, wani kuma ya samo sakaina. Sai su aza tsakuwa a ciki, su tura bisa ruwa, su ga na wane zai fi nisa.

Jiragen ba su tafiya iri ɗaya. Wani yana miƙewa sosai. Wani yana karkacewa gefe guda. Wani ko taki biyu bai yi ba sai ya kife. Yaran suna cewa iska ce. Wani lokaci iskar ce, amma sau da yawa dalilin yana cikin jirgin kansa, watau nauyin da aka sa masa, da wurin da aka aza nauyin.

Abin da ke kifar da jirgin kara, shi ne ke kifar da babban kwale-kwale mai ɗauke da mutane. Saboda haka ya kamata kowa ya san shi.

Me ya sa jirgi ba ya nutsewa?

In an jefa ƙusa cikin ruwa, nan da nan za ta nutse. In an aza gwangwanin sardin wanda babu kome ciki, zai tsaya bisa ruwa. Ga shi kuwa duka biyun ƙarfe ne, gwangwanin ma ya fi ƙusar nauyi.

Ga dalili. Duk abin da ya shiga ruwa yana ture wani ruwa domin ya samu wurin zama. Ruwan kuma yana tura shi sama. Ƙarfin turawar daidai yake da nauyin ruwan da aka ture. Ƙusa siririya ce, ruwan da take turewa kaɗan ne, bai kai nauyinta ba, sai ta nutse. Gwangwani yana da faɗi, cikinsa iska ce. Tun bai shiga ruwa da zurfi ba ya riga ya ture ruwan da ya kai nauyinsa, sai ya tsaya.

Wani masani mai suna Arshimed shi ne ya bayyana wannan ƙa'ida. Ya zauna a garin Sirakus, cikin tsibirin Sisil, fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Lita 1 ta ruwa tana da nauyin kilo 1. To, jirgi mai nauyin kilo 1 yana ture lita 1. In an ƙara masa rabin kilo, dole ya ture lita 1 da rabi, watau ya ƙara shiga ruwa. In aka dinga ƙara kaya, bakin jirgin zai dinga matsawa kusa da ruwa. Daga ƙarshe ko ƴar ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta faɗa ciki.

Gwaji na 1

A cika kwano da ruwa har baki, a ajiye shi cikin babban faranti. A sa tsakuwa kaɗan cikin ƙoƙo, a aza ƙoƙon bisa ruwan a hankali. Ruwa zai zube cikin faranti. A auna ruwan da ya zube da sikeli, a kuma auna ƙoƙon da tsakuwarsa. Za a ga nauyin nan biyu kusan ɗaya ne.

Ƙaramin jirgi mai batir

A wasu ƙasashe, kamar Faransa da Jamus da Amurka da Sin, akwai mutane masu ƙera ƙananan jiragen ruwa na tsere. Tsawon irin wannan jirgi bai cika wuce mita 1 ba, kuma ba mai shiga cikinsa. Mai shi yana tsaye a bakin tabki, yana riƙe da rimot, yana aika masa umurni ta hanyar rediyo. Akwai ƙungiyar duniya mai suna NAVIGA wadda ke shirya gasar irin waɗannan jirage.

Dabarar ta daɗe. A shekara ta 1898 wani mai ƙirƙira, Nikola Tesla, ya nuna wa jama'ar birnin Niyok wani ɗan jirgi da yake juyawa daga nesa, ba tare da waya ta haɗa su ba.

Cikin jirgin tsere akwai abu huɗu manya. Akwai batir mai ajiye lantarki. Akwai inji mai juyawa da lantarkin. Akwai farfela a baya, wadda ke tura ruwa domin jirgi ya ci gaba. Akwai kuma wani ɗan faifan ƙarfe kusa da farfelar, wanda ke karkata jirgi dama ko hagu. Shi ne linzamin jirgi. Wasu daga cikin jiragen nan suna wuce kilomita 60 a awa guda. Da irin wannan gudu, ƙaramin kuskure wajen aza nauyi nan take yake bayyana. Dalili ke nan da ya sa jirgin tsere ya dace a koyi darasin nauyi da shi.

Batir yana cikin abubuwan da suka fi nauyi a jirgin, kuma shi ne mai sauƙin matsarwa. Saboda haka da shi ake gyara zaman jirgi. A da ana amfani da batir na nikel, masu nauyi. Yanzu an fi amfani da na litiyom, dangin wanda ke cikin wayar salula, domin sun fi ajiye lantarki kuma ba su kai na da nauyi ba.

Yawan nauyi

In jirgin tsere yana tsaye, yana zaune cikin ruwa kamar kowane jirgi. Da ya fara gudu sai ruwa ya bugi ƙasansa, ya ɗaga shi. Daga nan ba ya keta ruwa, sai dai ya yi sulɓi bisa fuskarsa, kamar faffaɗan dutse da yaro ya wurga bisa tabki. Ɗan wuri kaɗan ne a bayansa ke taɓa ruwa. Tun da ruwan da ke riƙe shi ya ragu, sai gudunsa ya ƙaru.

Jirgi mai nauyi yana daɗewa kafin ya hau bisa ruwa. Ko ya hau, jikinsa da yawa yana cikin ruwa, inji yana wahala, batir yana saurin ƙarewa. Wajen kwana ma yana da matsala. Abu mai nauyi in ya ɗauki hanya ba ya son barinta. Mai amalanke ya san haka. In amalanke babu kaya, jaki yana juya ta cikin ɗan wuri. In tana ɗauke da buhunan gero, sai an ba ta fili, kuma sai an fara tsaida ta tun daga nesa.

To, ko jirgi marar nauyi shi ya fi? Bisa ruwa mai kwanciya ya fi gudu. Amma in iska ta taso, ko jiragen da ke gabansa suka tada igiyar ruwa, sai ya dinga tsalle. Iska tana iya shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, ta juya shi baibai. A irin wannan rana jirgi mai ɗan nauyi ne ke gama tsere. Shi ya sa masu tsere ke duba ruwa da iska kafin su shirya jirgi. A wasu rukunonin gasar ma doka ta faɗi nauyin da jirgi ba zai kasa ba, da nauyin da batir ba zai wuce ba. Ana auna su da sikeli domin kada a cuci kowa.

Cibiyar nauyi

Kowane abu yana da wani wuri guda inda nauyinsa ke daidaita. In an aza sanda bisa yatsa, ana matsar da ita kaɗan-kaɗan, za a kai wurin da ba ta rinjaya ko'ina. Wannan wuri shi ake kira cibiyar nauyi. In an ɗaura dutse a kan sandar, cibiyar za ta matsa wajen dutsen.

Jirgi ma yana da cibiyar nauyi. Abu uku ake dubawa: ko tana gaba ko baya, ko tana dama ko hagu, ko tana sama ko ƙasa.

Gaba da baya

Mai jirgin tsere yana aza jirginsa, da batir da kome a ciki, bisa wata zagayayyar sanda. Sai ya dinga matsar da shi har ya daidaita. Ga jirgi mai ciki ɗaya, ana son cibiyar ta faɗi wajen kashi 3 cikin 10 na tsawonsa, in an faro awo daga baya. Ga misali, jirgi mai santimita 90, cibiyarsa tana wajen santimita 27 daga baya. Mai santimita 60 kuwa, tana wajen santimita 18. Daga nan ake farawa, sa'an nan a gwada bisa ruwa, a gyara.

In nauyi ya yi gaba da yawa, hancin jirgi yana dannuwa cikin ruwa. Gudu ya ragu. Da an zo kwana, hancin sai ya kafe, bayan jirgi ya zagayo, jirgi ya juya kamar katantanwa.

In nauyi ya yi baya da yawa, hancin yana tashi sama. Jirgi ya dinga ɗaga kai yana bugawa, yana ɗagawa yana bugawa. In gudu ya yi yawa, iska ta shiga ƙarƙashinsa, sai ya wuntsila.

Matsar da batir da santimita 1 ko 2 kawai yana sauya tafiyar jirgi. Haka amalanke take. In an tara kaya a gaba, nauyi ya danne bayan jaki. In an tara a baya, sandunan su ɗaga sama, har ƙafafun jaki su nemi barin ƙasa. Gwanin lodi yana aza kayan bisa ƙafafun amalanke, ya bar ɗan rinjaye kaɗan a gaba.

Dama da hagu

Mutanen Damargu sun daɗe da sanin wannan darasi, domin ƙasarsu hanyar ayari ce. Mai ɗaura wa raƙumi kaya yana raba su biyu daidai. Mai jaki yana duba mangala, kada ɓangare guda ya fi ɗaya. In gefe guda ya rinjaya, kaya suna zamewa, dabba tana jin ciwo, tafiya ta lalace.

Jirgin da nauyinsa ya rinjaya gefe guda yana tafiya a karkace. Gefen da ya dannu ya fi jan ruwa, sai jirgi ya dinga barin hanya. Amma jirgin tsere yana da wani abin lura. Wanda ya tura bango da ƙarfi, bangon ma yana tura shi baya. Haka nan in inji yana juya farfela ta wani gefe, farfela tana tura jirgin ya kwanta ta ɗaya gefen. Domin a gyara wannan, ana matsar da batir kaɗan zuwa gefen da ke ɗagawa. A tsaye jirgin yana ɗan karkace, amma da ya fara gudu sai ya miƙe.

Sama da ƙasa

Duk abin da nauyinsa ke ƙasa yana da wuyar faɗuwa. Tulu mai ruwa kaɗan a gindinsa ya fi zama da kyau bisa tulun da aka ɗora wa dutse a baki. Saboda haka ana kwantar da batir a can ƙasan jirgi. In an aza shi sama, jirgi yana rawa dama da hagu in yana gudu, ya kuma kife a kwana.

Manyan jirage ma ba su tsira daga wannan ba. A ƙasar Suwed, wani sarki ya sa aka ƙera babban jirgin yaƙi mai suna Vasa, mai igwa 64. Jirgin dogo ne, nauyinsa ya yi yawa a sama, duwatsun da aka sa a ƙasansa kuma ba su isa ba. Ran 10 ga watan Agusta 1628 ya tashi tafiyarsa ta farko daga birnin Istokholm. Bai wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'a. An fito da shi a 1961, yana nan a gidan tarihi a birnin.

Gwaji na 2

A samu gwangwanin sardin biyu da dutse biyu masu girma ɗaya. A na farko a kwantar da dutsen a ƙasa, a tsakiya. A na biyu a gicciye kara bisa bakin gwangwanin, a aza dutsen bisa karan. A sa su cikin babban kwano mai ruwa, a kaɗa ruwan da hannu. A lura da wanda ya fara kifewa. Bayan haka a matsar da dutsen gaba, a matsar da shi baya, a matsar da shi gefe, a zana yadda gwangwanin ke zama kowane lokaci.

Nauyi mai motsi

Nauyin da ya fi haɗari shi ne wanda ba a ɗaure ba. In batir ya kwance cikin jirgin tsere, da an yi kwana sai ya gangara gefe, jirgi ya kife. Shi ya sa ake ɗaure shi tam. Ana kuma liƙe murfin jirgi domin kada ruwa ya shiga.

Ruwan da ya shiga jirgi nauyi ne mai motsi. Da jirgi ya ɗan karkata, ruwan duka sai ya ruga wannan gefe, ya ƙara karkata shi. Yarinyar da ta ɗauko faffaɗan kwano rabinsa ruwa ta san yadda yake rinjayar kai. Matatar mai ta SORAZ tana cikin yankin Ollelewa, ta fara aiki a 2011. Manyan motoci masu ɗaukar mai suna bin hanya kullum. Cikin tankunansu a rarrabe yake ɗaki-ɗaki. Ɗaya daga amfanin rabawar shi ne kada man duka ya kwarara wuri guda in direba ya taka birki.

Cikin kwale-kwale, mutane da dabbobi su ne nauyi mai motsi. Mutum ɗaya in ya miƙe tsaye, cibiyar nauyi ta hau sama. In tsoro ya kama mutane suka ruga gefe guda, kwale-kwale ya kife.

Jirage masu ɗaukar mutane

Jirgin tsere in ya kife, mai shi zai tsamo shi ya shanya. Jirgin mutane in ya kife, rayuka ke tafiya.

Ran 26 ga watan Satumba 2002, jirgin ƙasar Senegal mai suna Joola ya tashi daga Zigincor za shi Dakar. An yi shi domin mutanen da ba su kai 600 ba, amma ya ɗauki kusan 2,000. Da dare hadari ya taso, jirgin ya kife kusa da gaɓar Gambiya. Hukuma ta ƙidaya mutum 1,863 da suka rasu. Mutum 64 kawai suka tsira.

Ran 30 ga watan Nuwamba 2021, wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari, kusa da Bagwai, cikin jihar Kano. Ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara ne ƴan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙan su.

Tun da daɗewa aka nemi maganin yawan lodi. A Ingila wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta kokawa domin matuƙa jirgi, har aka yi doka a 1876. Dokar ta sa a zana alama a jikin jirgi. In an yi lodi har ruwa ya rufe alamar, to kaya sun yi yawa. Har yau manyan jiragen teku suna ɗauke da wannan alama.

Ɗan Ollelewa ba a bakin kogi aka haife shi ba, amma tafiya tana kai mutum ko'ina. Wani zai je Yamai ko Gaya ya ga kogin Isa. Wani zai je tabkin Madarumfa, ko Komadugu, ko tabkin Cadi. Masu cin rani suna ƙetare koguna a Najeriya. Duk wanda zai shiga kwale-kwale, ga abin da zai kiyaye:

Ya duba bakin kwale-kwale. In ya kusa taɓa ruwa, ya jira wani.

Ya zauna ƙasa, inda mai tuƙi ya nuna masa, kada ya miƙe tsaye.

A sa kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure su. A ɗaure dabbobi.

In ruwa ya shiga, a kwashe shi nan da nan.

In kwale-kwale ya karkata, kada kowa ya ruga gefe guda.

In akwai rigar ruwa mai hana nutsewa, ya sa ta tun kafin a tashi.

Kada a shiga ruwa da dare, ko in hadari ya haɗu.

Tabkin gari ma yana da nasa haɗari. Yana da ramuka da taɓo waɗanda ido ba ya gani. Masu tseren ƙananan jirage suna gargaɗin junansu kada wani ya yi iyo domin ɗauko jirgin da ya tsaya a tsakiyar ruwa. Yaron da jirginsa ya yi nisa, ya bar shi. Kara bai ƙare a gona ba, gobe ya ɗaure wani. Rigakafi ya fi magani.

Abin riƙewa

Ruwa yana tura jirgi sama da ƙarfin da ya kai nauyin ruwan da jirgin ya ture. Jirgi mai nauyi yana da wuyar tashi, da wuyar juyawa, da wuyar tsayawa. Jirgi marar nauyi iska tana wasa da shi. Kaya su zauna a ƙasa, su daidaita dama da hagu, gaba da baya, kuma a ɗaure su.

Tambayoyi

1. Don me ƙusa ke nutsewa, gwangwani kuma ya tsaya bisa ruwa?

2. Ɗan jirgi yana da nauyin kilo 2. Lita nawa ta ruwa yake turewa?

3. Mene ne cibiyar nauyi? Yaya ake samun ta a jikin sanda?

4. Jirgin tsere yana da tsawon santimita 80. A santimita nawa daga baya za a nemi cibiyarsa?

5. Me ke faruwa in nauyi ya yi gaba da yawa? In ya yi baya fa?

6. Wane kuskure aka yi wajen ƙera jirgin Vasa?

7. Wani kwale-kwale yana iya ɗaukar kilo 1,200. An sa masa buhu 6 na gero, kowane kilo 100. In kowane mutum kilo 60 ne, mutum nawa za su iya shiga, har da mai tuƙi?

Aiki

Kowane rukuni na ƴan aji ya ɗaure jirgin kara mai tsawon santimita 30. A gwada su cikin babban kwano a farfajiyar makaranta, a gaban malam. A ƙidaya tsakuwar da kowane jirgi ya ɗauka kafin ruwa ya hau shi, a rubuta cikin littafi inda aka aza ta. A gida kuma a tambayi wani mai raƙumi ko mai amalanke yadda yake raba kayansa, a kawo amsar aji.